Babi na Bakwai: Hawan Bagazam

Wanda ya tashi daga Jama'a ta ƙasar Gwarzo da niyyar ya hau dutsen da wuta ta gina, ya kwana a kansa, gari ya waye ya ci gaba da tafiya har wasu kwanaki, arewa zai dosa. Zai bi titin Gwarzo ya shiga Kano, ya fita ta hanyar Daura, ya tsallaka iyaka a Kwangwalam, ya sauka a Damagaram. Washegari ya miƙe ta Tanut da Adarbisanat, kusan kilomita 450 na ƙaya da fako, har ya hango hasumiyar masallacin Agadas. Daga nan ya yi sallama da kwalta. Sauran tafiyar, fiye da kilomita 100 arewa maso gabas, sai mota mai ƙarfi da za ta iya ratsa yashin ƙoramu da tsakuwa har zuwa Tabelot. A nan mai son hawa da ƙafa yake sallamar direba, ya shiga cigiyar mai jakai.

Abin da zai gani a tsaye yamma da garin ba tsauni ba ne mai tsini ɗaya. Bango ne, baƙi ƙirin da safe, ja-ja da yamma, ya tokare sararin sama. Tsawonsa kimanin kilomita 40, faɗinsa 20, kuma samansa shimfiɗe yake, ƙasa ce sukutum da aka ɗaga ta mita 1,600 sama da teku, da ƙauyukanta da lambunanta da maƙabartunta. A kan wannan shimfiɗa ne ƙololuwar Idukal-n-Tagas take zaune, mita 2,022, inda ya fi ko'ina tudu a Jamhuriyar Nijar. An daɗe ana ba dutsen Girebun na can arewa wannan matsayi, sai da aka sake awo aka ga ashe bai kai ba. Abin dariya, jirgin shugaban ƙasar Nijar ya yi shekaru yana ɗauke da sunan Bagazam, amma da aka sayi sabo a 2014 sai aka laƙaba masa sunan Girebun, wato ƙanen ya gaji yayan. Mu nan ƙasar Kano ta bakin masu dawaki muka fara jin sunan, domin dokin Bagazam yana cikin dawakin da sarakuna suke alfahari da ɗaure su a bargarsu.

Duwatsun da muka saba da su a ƙasar Gwarzo da Kabo da Ƙaraye, falalen da mata suke shanya a kai da waɗanda ake fasawa a yi tsakuwar gini, tsofaffi ne ƙwarai, sun haura shekara miliyan 500, kuma a can ƙarƙashin ƙasa suka daskare a hankali, ba su taɓa fitowa suna ci da wuta ba. Dala da Goron Dutse kuwa marmara ce ta rufe kansu ta hana su zaizayewa. Bagazam wani iri ne daban. Kimanin shekara miliyan 400 da suka wuce, narkakken dutse ya taso daga cikin ƙasa ya taru a wani wawakeken kogo, ya huda sama ya yi ta amai. Da kogon ya zama fanko sai rufinsa ya rufta a zagaye, kamar yadda bakin tsohuwar rijiya yake burmawa, sabon narkakken dutse ya biyo tsagar ya cike ta ya daskare. Iska da ruwa suka yi ta cin na sama har suka tone saiwar. Wannan saiwa ce ake hawa yau. Shi ya sa idan aka dubi duwatsun Abzin, inda Bagazam yake, a hoton tauraron ɗan'adam sai a ga zobba-zobba baƙaƙe a jere, ɗaya daga cikinsu ma faɗinsa ya kai kilomita 65.

Jerin bai tsaya a Abzin ba. Ya gangaro kudu ta Damagaram, ya shigo Dutse ta Jigawa da Ningi, ya bi ta Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, ya wuce Jos har dutsen Afu a Nasarawa, kuma duk wanda ya fi kudu ya fi ƙuruciya: Riruwai tana da kimanin shekara miliyan 170, Afu 141. Kuzar da kakannin mutanen Riruwai suka riƙa narkawa tun kafin zuwan Turawa, wannan wutar ce ta dafa ta. Ke nan Jihar Kano tana da nata tsohon dutsen aman wuta, sai dai ya mutu tun babu mai ba da labari. A Abzin kuwa wutar ta sake farkawa daga baya. Kudu maso yamma da Bagazam akwai yankin Todra, inda ƙananan duwatsun aman wuta fiye da 100 suke tsaitsaye, wasu bakinsu a buɗe har yanzu. A Timiya ruwa yana zubowa ne daga kan baƙin dutsen da ya taɓa malala yana ci. A Tafadek har gobe ruwan zafi yana ɓuɓɓugowa, masu ciwon gaɓɓai suna zuwa wanka.

Ana fara hawa bayan sallar asuba, ba don tsoron komai ba sai don rana. Tun da dare an riga an raba kaya: jarkokin ruwa, buhun gari, shinkafa, taliya, sukari da ganyen shayi, barguna. Mai jakai zai ɗaga kowace mangala ya ji nauyinta, ya rage nan ya ƙara can, domin jakin da kayansa suka karkace a kan hawa shi da mai shi duk sun shiga uku. Raƙumi sarkin fili ne. A waɗannan tsofaffin hanyoyi masu matakala jaki ne ke da girma. Hanyoyin hawan ba su da yawa, kowace tana bin wata tsaga da ruwa ya yanka a jikin bangon. Wadda baƙi suka fi sani ita ce ta Igalablaban, ta ɓangaren gabas. Ba hanya ba ce da wani injiniya ya zana. Duwatsu ne manya da ƙanana da aka jera inda ya kamata, kofato da tafin ƙafa suka goge su har suka yi santsi.

A nan ne mutumin karkararmu zai gane cewa tafiya iri-iri ce. Manomin Jama'a da yake sammakon zuwa gona mai nisa, ya yini yana huɗa, ya dawo da dami a ka, ba rago ba ne, kuma a fili zai iya gajiyar da duk wani Bature mai jakar baya. Amma a fili ƙafa ɗaya tana hutawa yayin da ɗayar take aiki. A kan hawa kowane taku ɗaga jiki ne gaba ɗaya, ga dutsen da aka taka yana iya motsi, ga ido ba ya barin ƙasa. Saurayin da ya fara da gaggawa don ya nuna shi ɗan ƙwallo ne, kafin hantsi za a tarar da shi zaune yana haki, tsoho mai rawani da takalmin fata ya zo ya wuce shi, ya ce masa, «Sannu, samari. Dutsen ba ya gudu.» Jagoran kirki ba ya sauri kuma ba ya tsayawa barkatai. Yana da taku guda, gajere, wanda zai riƙe har rabin yini, kuma wanda ya bi sawunsa sau da ƙafa shi ne yake isa baki da sauran ƙarfi.

Ciwon tudu, wato ciwon kai da amai da ke kama masu hawan manyan tsaunuka saboda ƙarancin iskar shaƙa, ba kasafai yake damun mutum a nan ba, don galibi sai an haura mita 2,500 yake farawa. Abin da ke kayar da mutum a Bagazam ƙishirwa ce da ba ta sallama. Iskar a bushe take ƙarau, gumi yana bushewa kafin a gan shi, sai mutum ya ɗauka bai yi zufa ba alhali jikinsa yana ta zuba. Lita 3 ko 4 a yini ba ta yi yawa ba. Ruwan kuma ba a kan hanya yake ba. Yana cikin idanun ruwa da ke tsattsafowa daga tsagar dutse, da guraben da ruwan damina yake kwanciya a inuwa ya yi watanni. Wane gurbi ne bana yake da ruwa, wanne ya ƙafe, wanne awaki suka ɓata, wannan sani shi ne jarin jagora, kuma shi ne dalilin da ya sa ko wayar mutum tana nuna masa taswira ba zai shiga dutsen shi kaɗai ba. Ruwan alwala ma ana lissafinsa. Taimama da kasaru a nan ba karatun littafi ba ne, aikin kullum ne. Wani abin da jagora ba ya sassauci a kai shi ne wurin zango. Yashin ƙorama yana da laushi, yana kiran mai gajiya, amma idan lokacin ruwa ne, daga Yuli zuwa Satumba, hadarin da ya zuba a wani kwari da ba ka gani ba yana iya aiko da ambaliya cikin dare. Shi ya sa masu hawa suka fi zaɓar tsakanin Nuwamba da Fabrairu.

Sai dai wannan lokaci yana da nasa haraji. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, ga shi kuma hamada ba ta riƙe ɗumin rana. Mutumin da yake kukan hunturun Gwarzo, yana jin wuta a zaure da safe, bai ga komai ba tukuna. A watan Disamba da Janairu sanyin dare a saman Bagazam yana kaiwa inda ruwan da aka bari a buta zai iya wayar gari da ƙanƙara a kansa. Bargo ɗaya wasa ne. Ana neman bayan dutse inda iska ba ta bugowa, a shimfiɗa tabarma, a rufe kai da rawani, a nan mutum zai daina yi wa rawanin Abzinawa kallon ado.

Abincin zango ba shi da yawa amma yana riƙe ciki. Akwai tagela, burodin da ake kwaɓawa a binne cikin yashi mai zafi da toka, a tono shi a kakkaɓe, a gutsuttsura cikin miya. Akwai furar Abzinawa, gero da cuku da dabino a daka su tare, a dama da ruwa. Ita ce guzurin ayari tun kaka da kakanni, don ba ta son wuta kuma ba ta lalacewa da wuri. Sannan shayi, zagaye uku, wanda ba a yi masa gaggawa ko da baƙo yana ƙagare. Itacen wuta busasshe ake tsinta. Mai saran ɗanyen reshe a kan wannan dutse zai ji magana.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki yana jiransa ne a rana ta biyu. Bayan ya sha wahalar bango, ya shirya ganin kufai, sai ya ji kukan zakara. Dubban mutane ne suke zaune a sama, yawancinsu Abzinawan Kel Ewe, a ƙauyuka irin su Emalawle da Bagzan-n-Ammas, cikin bukkokin tabarma da ɗakunan dutse da laka. A kwarurukan ƙasa, irin na Tabelot da Timiya, raƙumi ko sa ne yake jan guga daga rijiya ya zuba a magudana. A nan sama akwai lambunan da ido ne yake shayar da su, ruwan yana gangarowa da kansa ta ƙananan hanyoyin da aka gyara masa, kowane mai lambu da ranarsa. Ana noma alkama da masara, tumatir, dankalin Turawa, tafarnuwa, ga ɓaure da lemun tsami. Awaki na mata ne, cukun ma su ke yi. Tsofaffin matan dutsen sun yi suna wajen sanin ganyayen magani, har wata masaniya Ba'amurkiya, Susan Rasmussen, ta yi littafi guda a kansu a 2006. Baƙo ya kiyaye: ba a ɗaga waya a ɗauki hoton mace ko na gida sai an tambaya, kuma gaisuwa a nan tana da tsawo, ba a yanke ta.

A wasu tsagogi ana cin karo da itacen zaitun na daji, gajere, a murɗe, awaki sun aske shi. Ragowar wani zamani ne da Sahara take da ruwa, zamanin da aka sassaƙa raƙuman dawan nan na Dabus a jikin dutse, arewa da Agadas. Masu bincike sun lura da kyar ake samun sabon tsiro daga ƙwayarsa. Tsohuwar saiwa ce take ta sake tofo. A wasu duwatsun Abzin kuma ana iya jin haushin gwaggon biri, wanda shi ma ruwa ya janye ya bar shi a can.

Wuri irin wannan, mai ruwa da abinci a sama da ƙofofi kaɗan a ƙasa, ganuwa ce da ba a gina ba. Abzinawa suna ba da labarin wani sarkin Barno da ya kawo yaƙi, mutane suka haye Bagazam, ya kafa sansani a gindi yana jiran yunwa ta sauko da su. Da abinci ya kusa ƙarewa a sama, sai suka ɗura wa dabba sauran hatsin da ya rage suka kora ta ƙasa. Barebari suka yanka suka ga ciki cike da tsaba, suka ce mutanen da suke ba dabba hatsi ba za su miƙa wuya bana ba, suka kwashe suka tafi. Irin wannan labari ana ba da shi a kan garuruwa da yawa a duniya, kuma ni ban damu da ko ya faru daidai haka ba. Wanda ya tsaya a bakin bangon ya leƙa hanyar da ya biyo zai ga cewa mutum goma da duwatsu a hannu sun isa su tsare ta.

Ita kanta ƙololuwar ba ta da wani dogon labari. Daga shimfiɗar sama saura kimanin mita 400 ne, tarin manyan duwatsu da ake bi da hannu da ƙafa. In babu hazo a ga nisa, in akwai hazo a ga hazo. A sha ruwa a sauko. Mai neman ya ce ya taka inda ya fi ko'ina ya samu abin faɗa, amma a ganina wanda ya yi mako a Bagazam ya dawo da hoton ƙololuwa kaɗai ya yi asarar kuɗin jakai.

Wanda kuwa wuta mai rai yake so ya taka, sai ya juya kudu, Dutsen Kamaru, wanda ya tashi daga bakin teku ya kai mita 4,040. Daga garin Buya ake farawa, a ratsa kurmi, a fita cikin ciyawa, a ƙare a kan toka da ƙonannen dutse, galibi cikin kwana uku, ana kwana a bukkokin da aka gina don masu hawa. Ya yi amai a 1999, har narkakken dutse ya datse titin bakin teku kusa da Bakingili, ya sake yi a 2000. A gindinsa akwai Debunca, inda ruwan sama yake kaiwa milimita 10,000 a shekara, alhali Agadas ba ta cika samun 200 ba. Tun 1973 ake tseren hawansa, gwanaye su je ƙololuwa su dawo cikin awa huɗu da rabi ko kusa da haka. Dutse ne mai ban tsoro da ban sha'awa, amma babu wanda yake zaune a kansa. Ana zuwa ne a dawo.

Bagazam kuwa bakin wata hanya ce da ɗaya bakinta yake cikin gonakinmu. Da kaka ayarin Kel Ewe yakan bar Abzin ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya ɗauko kantun gishiri da dabino, ya dawo gida ya huta, sannan ya gangaro ƙasar Hausa. A nan raƙuma suke cin rani a kan kara da harawa, su bar wa mai gona taki, kafin damina a ɗora musu gero a koma. Geron da ake damawa a saman dutsen ba a can ake noma yawancinsa ba, daga kudu yake zuwa. Rawanin da angon Abzinawa yake naɗawa ranar biki, mai sheƙi da zubar da shuni, a Kura ake rina shi a buga shi. Agalawa da Tokarawa, waɗanda suka riƙe fataucin goro a Kano da Katsina, asalinsu daga wajen Abzin ne, kuma Alhasan Ɗantata Ba'agale ne. Gobirawa ma suna cewa a Abzin suka zauna kafin su gangaro. Saboda haka Bakano a Bagazam ba ya neman tafinta. Mazan da suka yi ayari suna jin Hausa, wasu ma za su tambaye shi farashin gero a Dawanau.

Turawan farko da suka ga dutsen ma ta wannan hanya suka bi. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya wuce ta gindinsa a ƙarshen 1850 tare da ayarin gishiri, ya iso Kano a Fabrairun 1851. Angus Buchanan, ɗan Sikotland mai tara tsuntsaye da namun daji don gidan tarihin Rothschild, daga Kano ya ɗaura kaya a 1920, ya hau Bagazam ya zauna a kai. Ya tarar da Abzin a yamutse. Shekara uku kafin zuwansa aka gama yaƙin Kawsan, wanda ya tsare sojan Faransa a Agadas daga Disambar 1916 zuwa Maris na 1917 da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Ramuwar Faransawa ta yi muni: an kashe malamai, an kwashe raƙuma, an tashi garuruwa, mutane da yawa suka gudo kudu har ƙasar Kano da Katsina.

Hawan dutse don yawon buɗe ido ya zo ne daga baya, kuma bai yi tsawon rai ba. Daga shekarun 1970 Turawa suka fara kwararowa Agadas, kamfanin wani Ba'abzine, Mano Dayak, da makamantansa suna shirya musu tafiyar kwanaki a kan raƙuma da ƙafa, tseren motocin Paris zuwa Dakar yana ƙara wa garin suna. Tawayen Abzinawa na 1990 ya tsayar da komai har sulhun Afrilun 1995, shekarar da Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgi; sunansa filin jirgin saman Agadas yake ɗauke da shi yanzu. Kasuwar ta farfaɗo, jirage suna tasowa daga Faransa kai tsaye a lokacin sanyi, mai jakai a ƙauyen dutse yana samun a mako abin da zai sayi buhunan gero. Sai tawaye na biyu ya ɓarke a 2007, aka binne nakiyoyi a hanyoyi, a Satumbar 2010 kuma aka sace ma'aikatan kamfanin yuraniyam a Arlit. Daga nan Turawa suka ɗauke ƙafa. A 2025 ma an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas kansa.

Jagororin suka watse neman abinci. Wasu suka tafi haƙar zinariya da aka gano a Jado a 2014, wasu suka koma jigilar masu tafiya Libiya har dokar 2015 ta hana, kafin sojoji su soke ta a 2023. Da yawa suka koma lambu, suka sayi injin ban-ruwa. Albasar Abzin tana fitowa ne a ƙarshen shekara, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci a kasuwa, don haka tana yin tsada, manyan motoci suna lodinta zuwa Gana da Kwaddibuwa.